Wuraren da Na Yanke

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa gida lafiya, kin tarar da maigidanki da yara lafiya. Ya gajiyar hanya, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ko jerin cefane a waya nake rubutawa. Tun ranar Alhamis nake kiranki, sai da na kira ya fi sau talatin kafin in gane kin rufe lambata. Shi ya sa na ari biro a maƙwabta, zan ba direban motar da ke zuwa garinku. In kin ga dama ki yaga, amma don girman Allah ki karanta tukuna.

Yaya, bari in koma safiyar Alhamis ɗin nan. Kwana uku da rasuwar Baba, falo cike da mata, ina durƙushe ina zuba wa baƙi ruwa, sai na ji wayoyi suna ƙara ɗaya bayan ɗaya. 'Yar Gwaggo ta taɓa tata, kawai sai dariyar Baba ta cika ɗakin. Dariyarsa sak, wadda yake yi har da buga tebur. Bayanta kuma ga muryata raɗau, ina gaya wa jama'a wai yau Baba ya ba ni mamaki. Kofi ya suɓuce daga hannuna. Gwaggo ta saka salati, tsohuwar nan ta gidan baya ta fita da gudu ba takalmi. Ke kuwa sai kika taso. Kin karɓi wayar, kin kalli hotona na hangame baki da idanu waje, Baba a gefe yana dariya, kin kalle ni, kin ɗauki jakarki. Da ma zagina kika yi, da ya fi mini sauƙi.

Wallahi ba ranar na ɗora bidiyon ba. Bari in yi miki bayani, tunda ba ki taɓa yarda sana'a nake yi ba, kullum cewa kike ina wasa da waya.

Manhajar nan da nake sa bidiyo a cikinta ba ta san uzuri ba. In ka yi sati ba ka ɗora komai ba, sai ta daina nuna ka ga mutane, ka koma kamar ranar da ka fara. Dole in ɗora Litinin da Alhamis, ko ana ruwa ko ana iska. Ga injin niƙan maƙwabcinmu, kin san shi, daga safe zuwa yamma ko kiran sunanka ba ka ji. Rana ɗaya tak yake hutawa a wata, Asabar ɗin da yake kwance injin ya wanke. To a wannan ranar nake ɗaukar bidiyo takwas a zama ɗaya. In gama ɗaya, in shiga ɗaki in canza kaya, in fito in ce wa masu kallo yau kaza ya faru, kamar wata rana ce daban. Baba hula kawai yake canzawa, ya ce masu kallon nawa ba su da ido. Washegari in tace su duka, wato in yanke in gyara, in saita kowanne da rana da lokacin da zai fita da kansa. Kowa a sana'ar nan haka yake yi.

Uku sun fita Baba yana raye. Ranar Talata ya faɗi a shago, bai ƙara tashi ba. Daga lokacin ban ma san inda wayata take ba, balle in tuna akwai wani abu da ke jiran ƙarfe goma na safiyar Alhamis. Na'ura ba ta san an yi mutuwa ba, Yaya. Ni ya kamata in tuna, ban tuna ba, wannan laifina ne kuma na ɗauka.

Kin san shekara biyu na yi ina fama. Na yi girki ba wanda ya kalla, na yi kwalliya aka ce in fara gyara fuskata. Sai ranar da Baba ya gifta ta bayana da gilashin gyaran agogo maƙale a ido, ya tambaye ni da wa nake magana ni kaɗai kamar mai aljanu. Wannan ne bidiyon farko da mutane suka tsaya suka kalla har ƙarshe. Daga nan ya zama abokin aikina, ya laƙaba mini Darakta. Ba tilasta masa na yi ba. Shi yake tuna mini in Asabar ɗin ta matso.

Sauran huɗun na tsayar da su, ba za su fita ba. Mu biyu muka rage, ba uwa ba uba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki buɗe lambata.

Ki gaida maigida, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta


Ranar Laraba

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Ya gida, ya jikin ƙaramin naki, tarin ya sake shi? Allah Ya ƙara sauƙi.

Direba ya rantse mini hannunki ya ba takardar. Amsa kuma ta zo ta bakin Gwaggo, kin san ta, sai da ta ƙara gishiri. Wai ko in goge shafin gaba ɗaya, duk bidiyon da Baba yake ciki, ko in manta ina da ya a duniya. Na ji. Amma ki bari in gaya miki abin da ke faruwa a nan, don ana wata ga wata.

A shekara biyu, bidiyona mafi farin jini mutum dubu uku ne suka kalla. Na ranar Alhamis kuwa, kafin in farga in cire shi, ya wuce dubu ɗari tara. Sai da na goge fuskar wayar da gefen zani na sake dubawa. Wani ne ya haɗa shi da sanarwar rasuwar da ɗan Kawu ya rubuta, ya watsa. Rabin masu sharhi sun ce Baba bai mutu ba, ƙarya na shirya don in tara mabiya, tunda ga shi da bakina na ce yau. Sauran rabin sun ce ya mutu, ni ce marar imani mai cin kasuwa da gawar ubanta. Sai suka kama faɗa da juna a ƙarƙashin hotona, kowa yana kawo hujja, kamar a gidanmu aka haife su.

Shekaranjiya wasu samari biyu suka zo har ƙofar shagon Baba suna ɗaukar hoton kwaɗon da ke jiki, wai bincike suke yi. Mai shayin bakin titi ne ya kore su da ludayi. Wani kuma mai sana'a irin tawa, wanda na taɓa roƙo mu yi bidiyo tare ya ƙi ko amsa mini, ya yi bidiyo guda a kaina. Ya sa hotona na hangame baki, ya sa nasa a gefe ya hangame fiye da ni. Na zauna ina kallon bakuna biyu a buɗe, na ji kunya ta rufe ni, don na san sau nawa ake gwada wannan fuskar a madubi kafin a ɗauka.

Ita kanta manhajar saƙon murna ta turo mini, har da zanen balo-balo, wai shafina yana haɓaka, in ci gaba da irin wannan.

Ga babbar. Akwai wani kamfanin sayar da agogo da na rubuta wa sau huɗu ina neman talla, ko kallo ban ishe su ba. Jiya sai ga saƙonsu. Layi ɗaya na ta'aziyya, sannan suka ce sun ji akwai sauran bidiyon marigayi da ba su fita ba, suna so su ɗauki nauyinsu, amma a hanzarta tun mutane ba su daina maganar ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya: ban ce a'a nan take ba. Na yi wunin jiya cur ina juya maganar. Shekara biyu ina jiran irin wannan saƙon, abin da manhajar ke turo mini ko data ba ya saya, sau nawa Baba yana zura hannu a aljihu ya ce Darakta je ki sa kati. Yau ga shi ya zo, kuma mutuwarsa ce ta kawo shi. Da na kama kaina ina tunanin wanne zan fara saki, sai na kife wayar na tashi. Har yanzu ban ba su amsa ba, na kasa ko sake buɗe saƙon.

Na ɓoye duk bidiyoyin, ba mai iya ganinsu sai ni. Gwaggo ta ce ɓoyewa ba gogewa ba ce, kuma gaskiyarta. Amma ki duba, wannan shafin shi ne kaɗai aikin da nake da shi, kuma nan ne kaɗai muryar Baba ta rage. Ke kina da maigida da yara da albashi. Ni ɗakin nan ne, da fitila, da kujerarsa. Ba gori nake miki ba, tsoro nake ji.

Ki ba ni sati ɗaya in kwashe na kwashewa in adana, sannan in yi yadda kika ce. Na zaɓe ki, amma ki bar ni in yi sallama da shi.

Ki gaida mutan gidan duka.

Taki,
Auta


Ranar Litinin

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa da munin rubutu.

Duk abin da kika zarge ni da shi, ashe kaɗan ne. Akwai wanda ya fi shi, kuma gara ki ji daga bakina.

Jiya da hantsi na buɗe kwamfuta don in kwashe abubuwan, sai na ci karo da ainihin ɗaukar ranar Asabar ɗin, wadda ba a taɓa ba, awa biyar da wani abu. Kin ga, ƙafar abin da nake ɗora waya a kai ta karye, da salatif na ɗaure ta, ko numfashi ka yi kusa da ita sai ta karkace. Don haka in na saita ba na kashe kyamara har mu gama. Makirfo kuwa batirinsa ba ya jimawa, sai in kashe shi duk lokacin da zan shiga canza kaya. Wurin tacewa ba kallon hoto nake ba, layin sauti nake bi. Inda layin ya kwanta, alamar shiru ne, sai in yanke in jefar, don masu kallo ba sa jure shiru ko na daƙiƙa biyu. Sau bakwai na fita na bar Baba shi kaɗai gaban kyamara, sau bakwai na yanke ban duba ba. Jiya na ce bari in ga fuskarsa kawai.

A fita ta farko ya zaro wani ɗan agogo daga aljihu, ya maƙala gilashinsa, ya shiga aiki. Har murmushi na yi.

A ta biyu, ƙofa na rufuwa ya ajiye hantsakin, ya dafe ƙirji da tafin hannu, ya kifa goshi a kan tebur. Yaya, bakinsa a buɗe yana neman iska. Na ƙirga, ya fi minti biyu a haka. Sai ya ɗaga kai da sauri, da alama motsina ya ji, ya share zufa da hular da ya cire, ya sa wata, ya gyara zama. Ga ni na shigo da jan mayafi ina gyara ɗan kunne, ko kallonsa ban yi ba, fitila nake dubawa.

Ta uku haka. Ta huɗu haka, har ya kama gefen tebur da hannu biyu. A ta shida ya yunƙura zai tashi ya kasa, ya koma. Kuma na dawo na kunna makirfo, ga muryata ina ce masa dariyar da ya yi ba ta da armashi, ya sake. Sau uku na sa shi ya sake. Dariya ta ukun nan ita ce wadda kuka ji a falo ranar Alhamis.

Kwana goma abin nan yana cikin kwamfutata kafin ya faɗi. Kwana goma! Asibiti yana bayan layinmu, da ƙafa ake zuwa. Ni da nake kallon fuskarsa a allo fiye da kowa a duniya, na san gefen da haske ya fi yi masa kyau, na san hular da ta fi fito da shi, amma ban ga ciwo a jikinsa ba. Na san rai na Allah ne, in kwana ya ƙare ba makawa. Na faɗa wa kaina haka ya fi sau ɗari tun jiya, zuciyata ta ƙi ji.

Saura ta bakwai. A ita bai dafe ƙirji ba. Ya rufe bayan agogon, ya kara a kunne, ya saita shi, sannan ya miƙo shi gaban kyamara. Naki ne, Yaya, ɗan agogon nan mai jan maɗauri da ya saya miki da za ki shiga makarantar kwana, wanda ya tsaya tun kafin aurenki. Ya kalli kyamara ya yi magana mai ɗan tsawo, yana nuna agogon, ya ƙare da dariya. Ba sauti. Da hannuna na kashe makirfon don in tsimi batir. Na maimaita wurin ya fi sau ashirin ina kallon laɓɓansa, kalma ɗaya kawai nake jin kamar na kama, latti.

Da rana na karɓi makulli na buɗe shago. Agogon yana cikin durowar teburinsa, a ambulan, ya rubuta Uwar Latti a baya, sunan da yake tsokanarki da shi. Yana tafiya, amma ya wuce na bango da minti goma. Baba bai taɓa kuskuren saiti ba, kin san da gangan ya yi.

Ga shi nan na haɗo miki, da memori mai ɗauke da komai, ban yanke ko daƙiƙa ba. Na rubuta wa kamfanin nan na ce a'a. Shafin kuma ranar Laraba zan goge shi kamar yadda na yi alkawari. Ban ce ki yafe mini ba, ni ma ban yafe wa kaina ba. Na dai ga bai kamata in riƙe kayanki ba.

Ki gaida yara.

Auta


Ranar Alhamis

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya kwanan gida, ya maigida, ya 'ya'yana? Na gode wa Allah da tarin ya tafi.

Direba ya kawo takardarki shekaranjiya da yamma, ya tsaya yana jiran tukuici, ni kuwa ina ganin rubutun hannunki, a bakin ƙofa na zauna na karanta.

Ashe kin sani. Ashe tun wata biyu da suka wuce ya gaya miki a waya ƙirjinsa yana matsa masa, ya sa ki rantse ba za ki gaya mini ba, wai in na ji zan ajiye kyamara alhali yanzu ne mutane suka fara kallo. Ashe kin ce za ki zo ƙarshen wata ki kai shi wurin likita da kanki, aiki ya riƙe ki, kika ɗaga, kika sake ɗagawa, kika iso ranar Talata an riga an dawo daga maƙabarta. Na karanta wurin sau huɗu ina cewa ba daidai na gani ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Na zagaya ɗakin nan ina faɗa da ke ni kaɗai, na faɗi maganganun da gara da kika rufe lambata. Kin bar ni sati biyu ina cin kaina, kin aiko Gwaggo ta yi mini wankin babban bargo! Can kuma na iso inda kika ce ba ni kika gudu ba ranar Alhamis, dariyarsa kika kasa ji. Sai fushin ya zube. Na yi kuka, na kuma yi dariya, don na tuna dattijon nan ya yi mana wayo mu duka biyu. Ke ya rufe miki baki, ni kuma ya san ba na kallon shiru.

Kin ce kada in goge komai sai kin zo, to ban goge ba, yana nan a ɓoye. Abin da za a yi da shi mu biyu za mu yanke. Masu sharhi sun riga sun koma kan wata mai sayar da turare, ko sunana ba sa tunawa. Na je wurin mai ɗaukar hoton bakin kasuwa, ya ce in fara tace masa bidiyon biki wata mai kamawa. Can ma aikin yanka ne, amma na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara yanke abin da ban kalla ba.

Kin ce kin kasa buɗe memorin ke kaɗai. Kada ki buɗe. Jibi Asabar ce, mai niƙa zai kwance injinsa, gidan zai yi tsit. Ki zo mu zauna a kujerarsa mu kalli ta bakwai tare. Kin girme ni da shekara tara a sauraron Baba, wataƙila ki karanta bakinsa inda na kasa. In mun kasa duka, sai mu yi ta zato har yamma.

Zumunta a ƙafa take. Motar ƙarfe bakwai za ki shiga, na riga na gaya wa direba ya ajiye miki gaba. Kuma don Allah kada ki gyara agogon nan. Ki ɗaura shi yadda ya bar shi, ki bi abin da ya nuna miki.

Sai kin zo. Ki gaida maigida, ki ce na gode da ya bar ki.

Ƙanwarki mai jiranki,
Auta, Daraktar Baba